Ina Wuyansa?

Duk wanda ya taɓa ajiye wa kakanku Tanko akushi ya san abin da zai biyo baya. Zai ɗaga faifai, ya kai hanci, ya shinshina sau uku kamar akuyar da aka miƙa wa baƙon ganye, sannan ya ɗago ya ce, "Ina wuyansa?" Ku kun tarar da maganar ta zama abin dariya, har kuna kwaikwayonsa a bayan zaure. To ni, maganar nan ta hana ubana shan ruwan gidana shekara da shekaru. Kuma ni na karya ta, ni Hajo 'yar masunta, da hannun nan da kuke gani!

Abin tun yana yaro ne, Inna uwarsa ta ba ni labari. Ɗan mahauta ne, ya buɗe ido ya ga duk abin da za a ci sai an kayar da shi, an fuskantar da shi alƙibla, an sa masa wuƙa. Sai ya ƙulle wannan a ransa. Ƙwai, ba ya ci. Fara, ba ya ci. Kifi kuwa, ko inuwarsa. Wata rana Inna ta daka busasshen kifi har ya yi laushi kamar garin kuka, ta zuba a miya. Yaro ya shinshina, ya ture akushi.

"Inna, akwai mushe a miyar nan."

"Don ubanka! To tuwon da kake narka, ina nasa wuyan?"

"Tuwo ai ba ya motsi."

Ta wurga masa muciya, ya goce, ta fasa tulu.

Da ya tasa aka kai ƙararsa wurin malamin unguwa. Malam ya sa aka kawo tarwaɗa, ya nuna masa.

"Tanko, kifi halal ne. Dubi tsagar nan ta bayan kansa. Ba ka ji ana cewa a yanke yake zuwa ba?"

"Allah gafarta Malam, halal kam na yarda. Amma ni ban taɓa yanka bijimi ya tashi ya kama iyo ba."

Malam ya rufe littafi, ya ce a ba shi ruwa ya sha.

To wannan mutumin ne ya ce duk Garwa ni yake so, ni da na tashi a bakin Binuwai, ƙarnin kifi har cikin kitsona. Kun san wasan da ke tsakanin masunta da mahauta, don haka Baba, mahaifina, ya ɗauka ƙin kifin nasa tsokana ce. Bayan biki ya aiko mana da giwan ruwa, mutum biyu suka ɗauko shi a sanda. Na dafa da yakuwa, ƙamshi ya cika unguwa. Maigida ya shinshina, ya faɗi kalmarsa, ya sa aka rarraba wa maƙwabta. Kafin la'asar ga Baba a ƙofar gida, ya ƙi shigowa.

"Ke, gaya wa mijinki, gidan da aka raina kifina ba zan sha ko ruwan randarsa ba. Ranar da ya ci, a kira ni."

Kuma ya riƙe! Haihuwa uku na yi, duk ranar suna Baba na can gindin ceɗiya da butar da ya zo da ita daga gida. Mata na ta buɗa, ni ina leƙensa ta danga.

Lokacin kakanku ne ke kai nama barikin Jamus. Wani Bature ya ji daɗin tantaƙwashinsa, ya ba shi kyautar gwangwani. Ya kawo gida ya farke shi da wuƙa. Sai ga 'yan kifaye kwance a jere cikin mai, duka babu kai. Ya daɗe yana dubawa.

"Hajo, waɗannan kam an yanka su."

Wayyo, zuciyata! Na jawo tuwo da sauri. Sai ya ɗago kai ya ce:

"Amma wa ya yi bisimilla?"

Kyanwa ya juye wa. Gwangwanin ya wanke, shi ne wanda kuka san shi da shi na ajiyar goro. Ni kuwa ranar na gano abu ɗaya: ba kifin yake ƙi ba, yankan yake nema. Sai dai mahauci mai ƙoshi ba zai bari 'yan uwansa su gan shi da kifi ba. Na jira.

Sai yaƙi ya zo. Jamus suka haƙa ramuka suka kewaye kansu, ana harbo su da igwa. Sojoji suka kwashe shanu, Fulani suka kora ragowar cikin duwatsu, mahauta ta koma wurin kwanan ungulu. Kakanku ya koma tuwo da miya lami, ya rame har mazagin wandonsa na zagaye shi sau biyu. Baba kuma tari ya kama shi. Na ce wallahi tsohon nan ba zai tafi bai ci tuwon gidana ba.

Da hantsi na sauka bakin ruwa, na sa yayyena suka saka mini giwan ruwa mai rai cikin kwatarniya. Na ɗauko a ka, ruwa na zuba mini a baya. Na dire a gabansa, na ajiye wuƙarsa kusa.

"Maigida, kullum tambayar wuya kake. Ga shi da ransa. Kai ne mahauci, nemo shi."

Ya dubi kifi, ya dubi wuƙa. Mutumin da ya yi watanni bai yanka ko kaza ba! Ya ɗauki wuƙar.

"Riƙe mini ƙafafun."

"Ba shi da ƙafa."

"To riƙe wutsiya mana, za ki koya mini sana'a ne?"

Muna juya shi alƙibla, kifi ya kuɓuce ya ɗauke maigida da mari, fau, hula ta faɗa kwatarniya. Ya danne shi da gwiwa, ya yi bisimilla ya ja wuƙa. Jini ya fito.

"Kin gani! Jini! Ashe duk shekarun nan ku ne ba ku iya ba."

Na ɗora tukunya. Ya shinshina sau uku. Bai tambayi komai ba, sai ƙarar tanɗe hannu. Na fita a guje ko mayafi babu, na taho da Baba yana dogara sanda. Ya tsaya a ƙofa.

"Sai na gani da idona."

Kakanku ya fito, kan kifi a hannu, miya a gemu, ya durƙusa.

"Baba, ku shigo. An gyara muku sana'arku."

Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya tsallako, ya wuce kai tsaye wurin randa, ya sha moɗa biyu. Buɗar da na yi ranar, an ji ta har ƙetaren kogi!

Sauran kun sani: kullum da safe yana bakin ruwa da wuƙa, masunta na ihu, "Ga na mahauci, da ransa!" Har ya zo yana gaya mini, ni, wai tarwaɗar tabki ba ta kai ta kogi ba.

A ciwon ajalinsa ya ƙi komai sai romon kifi. Na kai masa, ya shinshina da ƙyar, ya ce, "Ina wuyansa?" Na ce babanku ya yanka, ni na riƙe wutsiya. Ya yi murmushi, ya sha ludayi uku.

Allah ya jiƙansa, ya sanyaya makwancinsa. Allah ya haɗa shi da Baba a akushi ɗaya, su rage mini wuri.