Ranar da Baffa Ya Tsaya a Ƙofar Gida

Shekarar da korona ta shigo, ina koyar da lissafi a wata lise, wato babbar sakandare, mai zaman kanta a Maradi, ƙanena kuma yana ajin ƙarshe a can. Da sakamakon bak, jarrabawar gama lise, ya fito, yana cikin waɗanda suka ci. Al'adar makarantar ita ce a kafa rumfa, a jera kujeru, a kira kowane ɗalibi ya fito tare da mahaifinsa ko wanda ya tsaya a madadin uba, a sa masa albarka a gaban jama'a. A wannan shekarar darakta ya ce ba rumfa ba kujera, ba zai tara mutane a ce a makarantarsa cuta ta ɓarke ba. Ta waya za a yi bikin, ana ganin juna ta bidiyo. Da yake ni ce ƙarama a cikin malamai, kuma an san hannuna ba ya rabo da waya, sai aka ɗora mini tsarin.

Ban gama murna ba Baffa ya kira ni.

Baffa wa ne ga mahaifinmu, ɗan kasuwa, mai gidan bene a unguwar Zariya ta nan Maradi. Bayan rasuwar Baba ya so a sayar da gonarmu ta bakin hanya a Tsibiri, Inna ta ce daga ita muke ci. Ranar sadakar arba'in, a gaban liman da maƙwabta, ya miƙe ya kaɗe babbar rigarsa, ya rantse da Allah ƙafarsa ba za ta ƙara taka gidanmu ba. Ya kuwa cika alkawari. Da ƙanena ya shiga lise, lokacin ina karatu a Yamai, Inna ta haɗiye zuciya ta je har Zariya ta roƙe shi ko soro ya ba yaron ya riƙa kwana. Ya bar ta zaune a tsakar gida har inuwa ta juya, sannan ya aiko a gaya mata gidansa ba tasha ba ce. Da keke yaron nan ya yi ta zirga-zirga tsakanin Tsibiri da Maradi, rani da damina, Inna na matsar man gyaɗa tana tuya ƙuli-ƙuli don kada ya zauna gida.

To, wannan mutumin ne ya kira ni yana cewa ɗanmu ya fid da mu kunya. Wai ya ji za a nuna a waya, don haka a kawo yaron falonsa, ya shimfiɗa sabon kafet, ya kuma gaya wa abokan kasuwancinsa su kalla. Ɗanmu! Sai da na janye wayar daga kunnena don kada bakina ya ja mini abin faɗa.

Abin haushin, a al'ada yana da gaskiya. Wan uba uba ne, ba wanda zai ce a'a. Da na kai wa Inna maganar, ko ɗago kai daga kasko ba ta yi ba. Ta ce a bar shi, ita me za ta yi a gaban duniya, a gan ta tana alfahari da ɗa kamar marar kunya? Na san halinta, ni ɗiyar fari ko sunana ba ta faɗa. Amma na ƙudurta a raina, in dai ni ke riƙe da tsarin nan, hannun da ya ƙone a mai shi za a gani a kan yaron.

A bayan babur ɗin kabu-kabu dabarar ta zo mini, muna hanyar shiga gari. A taron malamai na gyara takunkumin fuskata, na kawo shawara: tunda cuta muke gudu, kada ɗalibi ya bar gidan da yake kwana. Duk mai son sa albarka ya same shi a can. Darakta ya yi ta gyaɗa kai, ya ce abin da likitoci ke faɗa ke nan, har ya yaba mini da hangen nesa. Na sunkuyar da kai kamar ta Allah.

Sati guda na yi ina gwada rezo, wato ƙarfin layin waya, gida-gida. Wata ɗaliba a Jiratawa sai ta hau kan turmi ake jin ta. Wani mahaifi a Sabon Gari kunnensa kawai yake nuna mana, duk yadda na yi bayani. Namu gidan kuwa, lafiya lau, har cikin ɗakin Inna.

Sannan na kira Baffa, na gaishe shi da ladabin da ban taɓa yi masa ba.

"Baffa, doka ce daga sama, ba a fid da ɗalibi daga gida. Amma ai gidan naka ne. Ka zo, mun tanadar maka tabarma."

Ya sani, na sani. In ya shigo ya karya rantsuwar da ya yi a gaban liman, sai kaffara, kuma kafin la'asar duk Tsibiri ta ji. Ya kira darakta ya yi ta faɗa, amma darakta ya fi tsoron korona da tsoron alhazai.

Ranar bikin da hantsi sai ga motarsa. Ta tsaya daidai ƙofar gida. Ta zaure na hango shi, shadda sabuwa tana ƙyalli, turarensa ya riga shi shigowa, shi kuwa ya tsaya a bakin dokin ƙofa. Ya ɗaga murya ya ce yaron ya fito, a yi a waje, ai waje ma gida ne. Maƙwabta sun fara leƙe.

Ina cikin ɗaki riƙe da waya, ana ta kiran ɗalibai, layinmu na matsowa. Inna ta shige bayan labulen gado, daga can take yi wa ƙanena magana ƙasa-ƙasa.

"Tashi ka tai wurin ubanka. Kada ka bar babba tsaye."

Ƙanena kuwa bai taɓa musa mata ba. Ya miƙe da fararen kayansa, ya dubi ƙofa. Na ce shi ke nan, duk wahalata ta tashi a banza. Sai ya juya, ya ɗage labulen, ya zauna a ƙasa dab da ƙafafunta.

"Inna, nan nika zama."

Daidai nan darakta ya kira sunansa. Na juya wayar kansu. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska ruf. An jira, an jira, har darakta ya tambaya ko rezo ne ya ɗauke. Can sai hannunta ya fito daga cikin mayafin, baƙi, duk tabon mai, ya sauka a kan ƙanena. Ta ce Allah ya yi maka albarka. Iyakar abin da Maradi ta gani ke nan.

Ashe Baffa ya buɗe tasa wayar a waje, ya ƙure mata murya. Da yake magana kan ɗan makara a hanya, bayan Inna ta yi shiru sai na sake jin albarkar tana shigowa ta kan katanga, daga hannunsa, a gaban duk wanda ya fito kallo.

Na ji an rufe ƙofar mota. Inna ta ce in bi shi da ruwa, baƙo ba ya tafiya haka. Na ɗebo a randa, na cika kofi, na taka a hankali yadda ko ɗigo ba zai zuba ba. Kafin in kai zaure motar ta sha kwana. Na tsaya a nan na shanye ruwan, kuma wallahi ya yi mini daɗi.