Sunan Yaya Ɗahiru ba zai hau injin da ke kashe ƙwai ba

Da daminar bana yayana, Injiniya Ɗahiru, ya cika shekara tara da rasuwa. Allah Ya jiƙansa, Ya kyauta makwanci. Ban saba rubutu a jarida ba. Da mutanen da suka yi masa dariya yana raye sun ƙyale shi, da bana ma addu'a zan yi masa a ɗakina a Gwaram in ja bakina in yi shiru. Sai ga shi sun biyo ni har gida suna neman aron sunansa.

Bari in fara da aikinsa, don ko cikin dangi ba kowa ne ya gane shi ba. Yana cikin samarin da suka baro Kano suka dawo gida da aka ƙirƙiro Jigawa. Ya taɓa aikin gwamnati, zaman ofis ya gundure shi, ya ajiye. Bayan shekaru suka haɗa kai da wani ɗan kasuwa a Birnin Kudu, Alhaji Sabo, suna ƙera injin ƙyanƙyasar ƙwai. Alhaji Sabo ke da shago da zaƙin baki, Yaya ke da abin da ke cikin injin.

Abin da ke cikin injin wani ɗan allo ne da bai kai tafin hannu ba, ɗauke da 'yar kwamfuta da manhajarta. Manhajar ce ke raba aiki: yanzu a duba zafi, yanzu a kunna fanka, yanzu a karkata faranti a juya ƙwai, kowanne a kan lokacinsa. Duk ayyukan nan sun dogara da sashe guda, wanda ke karɓar bugun agogon da ke jikin allon yana ƙirgawa. Masu sana'ar suna ce masa direban agogo. Manhajar ba ta Yaya ba ce shi kaɗai, mutane ne daga ƙasashe daban-daban suke rubuta ta tare ta intanet, kowa ya ɗauka kyauta. Shi yana cikin masu kula da wannan sashe na agogo. In an fito da sabon allo ya gwada, in wani ya aiko da gyara ya karanta ya tsefe, in ya ga kuskure ya mayar masa. Ba albashi, ba taron yabo, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

Ba zan yi masa kwalliyar da ba shi da ita ba. Yaya mutum ne mai wuyar sha'ani. Yana gaya wa mutum kuskurensa a gaban jama'a, kuma bai iya lallashi ba. Ya taɓa kulle inji guda a ɗakin ajiyar mahaifiyarmu, ya haɗa shi da baturan mota, ya sa makullin a aljihu makonni, har ta riƙa cewa ɗanta ya kore ta daga ɗakinta saboda akwatin ƙarfe. A wannan ɗakin ya gano ciwon injin da ya raba shi da abokin kasuwancinsa.

Ƙirgar da agogon ke yi tana da iyaka, kamar mitar babur da in lambobinta sun cika sai ta koma sifili. Idan inji ya yi kusan wata biyu a kunne ba a kashe shi ba, ƙirgar sai ta cika ta koma farko. Sashen juya ƙwai kuwa an ce masa ya jira lamba kaza, ga shi lambar ta ɓace masa, sai ya zauna jira. Fitila tana nan koriya, fanka tana juyawa, ɗumi yana nan daidai, faranti ne kawai ya tsaya. Ƙwan da ba a juyawa kuwa, ɗan da ke ciki mannewa yake da ɓawo ya mutu.

Ina shagon ranar da ya kai wa Alhaji Sabo maganar. Ya ce a dakatar da sayarwa, a karɓo injinan da ke hannun mutane a sake musu manhaja. Alhaji Sabo ya saurare shi yana ɓare gyaɗa.

"Injiniya, tsawon wane lokaci ka ce sai inji ya yi a kunne kafin ciwon ya tashi?"

"Kusan wata biyu, in ba a ɗauke wuta ba."

"A ƙasar nan?" Alhaji Sabo ya dubi mutanen da ke zaune a benci. "To ai masu wuta sun gama mana gyaran kyauta."

Aka kwashe da dariya. Kuma a lokacin yana da gaskiyarsa. Duk sanda aka ɗauke wuta aka tayar da janareta, allon yana mutuwa ya farfaɗo, ƙirga ta fara daga farko. Ba injin da ya taɓa samun zaman lafiyar da zai nuna ciwonsa. Yaya ya ce, "Alhaji, wata rana wuta za ta zauna." Wannan ta fi ta farkon ba su dariya.

Na raina wannan dariyar a ranar, kuma raina ta nake har gobe. Mutum ya ga lalacewar ƙasarsa ya mai da ita ginshiƙin kasuwancinsa, ya kuma ɗauka wayo ya yi. Ba rashin sani ba ne, an gaya masa a fili, da Hausa, a gaban shaidu. Ya dai yi lissafi ne cewa duhu ba zai taɓa yaye mana ba.

Yaya ya yi gyaran duk da haka. Ya aika wa abokan aikinsa na intanet, suka duba suka karɓa, ya shiga manhajar da kowa ke ɗauka. A nan gida kuwa inji ɗaya tak ya samu ya saka wa, nawa, don ni ba na bukatar izinin Alhaji Sabo in buɗe wa yayana ƙofa. Suna cikin wannan jayayya ciwo ya kwantar da shi, bai tashi ba. Waɗanda aka ɗauka a gurbinsa suka tarar da tsohuwar manhajar a kwamfutar shago, suka ci gaba da ɗura ta a kowane sabon allo shekara da shekaru. Gyaran yana can a buɗe, kyauta, ba wanda ya ga ya dace ya leƙa.

Sai sola ta zo. Yanzu ka bi ƙauyukanmu ka ga faifanta a kan rufin kwano, har da na bukkoki. Wutar da aka yi wa dariya ta zauna, ba ta hanyar da kowa ya zata ba. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga haka. Na san zai yi murna, don ya tsani ƙarar janareta. Na kuma san murnar ba za ta daɗe ba, zai ɗauki jakarsa ya hau babur ya bi gida-gida yana buɗe injinan mutane ko sun so ko ba su so ba.

Ba wanda ya bi gida-gida. Bara Inna Hari, wata dattijuwa daga Surko da ke kiwon zabi, ta zo mini da ƙwarya a rufe da faifai. Ita da matan unguwarsu sun haɗu sun sayi inji mai sola a shagon Alhaji Sabo. Zabi da damina kawai suke ƙwai, wanda ya rasa na damina sai ya jira wata shekara. Zubin farko ya ƙyanƙyashe lafiya. Na bayansa ya wuce lokacinsa shiru, ta fasa ta gani.

"Hajiya, duba mini," ta ce. "Duk sun fara zama halitta. Ga su nan a manne gefe guda. Kuma wallahi fitilar ba ta taɓa canja launi ba."

Ta riga ta je shagon. An ce mata ƙwan ne ba su da kyau, da ta musa aka ce hannunta ne ba ta wankewa. Matar da ta fara kiwon zabi tun kafin mai yi mata wannan bayanin ya yi haƙori. Da koke ya yi yawa sai shagon ya fito da magani: wata 'yar takarda da ake mannawa a jikin inji, an rubuta a kashe a kunna duk ranar Juma'a. Suka sa mata suna kulawar mako-mako. Wato an ba matan ƙauye inji mai wutar da ba ta yankewa, sannan an ɗora musu aikin ɗauke wuta da hannunsu. Wadda ba ta karatun boko, ko ta yi tafiya, ko ta manta, laifinta ne.

Ana haka, kafin saukar ruwan bana, motar Alhaji Sabo ta tsaya a ƙofar gidana. Ya tsufa, ya yi ƙiba, bakin dai yana nan da zaƙinsa. Ya yi wa Yaya doguwar addu'a, ya ce bai taɓa aiki da haziƙi irinsa ba, har ya share ido. Sannan ya ce sun fito da sabon samfuri, suna so su sa masa sunan marigayi, a yi taro a Birnin Kudu, dangi su zauna a gaba. Ya ce babban wanmu ya gaya masa ni ce na fi kowa sanin aikin, abin da na yanke shi ke nan.

Na ce in ga injin. Aka buɗe bayan mota. An yi masa fenti mai kyau, an ƙara masa gilashi, ga sunan yayana da ruwan zinare a goshinsa. Na zagaya ta gefe. Takardar tana nan, sai dai yanzu an buga ta da kala.

"Alhaji," na ce, "ku kai shi ɗaki ku kunna, ku ba ni makulli. Daga farkon ruwa har a yanke gero kada kowa ya taɓa shi. In na buɗe na tarar yana juya ƙwai, ku ɗauki sunan, ni zan fara zuwa taron."

Ya yi murmushi irin na ranar gyaɗa. "Hajiya, kasuwa ba ta jira haka."

"To sunan yana jira."

Ya rufe bayan motarsa ya tafi, har yau bai dawo ba. Wasu cikin dangi sun ji haushina, sun ce na hana marigayi karramawa, sun ce a riƙa yafiya. Ban riƙe Alhaji Sabo da gaba ba, in mun haɗu za mu gaisa. Raini ne kawai, kuma ya yi aikin da ya cancance shi. Yaya ya ɓata da mutane da yawa a kan kada inji ya yi wa mai shi ƙarya da koriyar fitila. Ba zan zauna a kujerar gaba ina tafi a liƙa sunansa a kan wannan ƙaryar ba, ranar da wata Inna Hari ta fasa ƙwai ta ga gawa, sunan da za ta karanta ko a karanta mata ya zama nasa.

In an auna abin da ya bari, ba shi da yawa a ido. Ba gini, ba titi, ba ko hoto mai kyau, don ba ya tsayawa a ɗauka. An ce gyaransa yana aiki a cikin na'urori a ƙasashen da bai taɓa takawa ba, kuma masu su ba su san da shi ba, tunda ba mai tambayar wa ya gyara agogon da ke tafiya daidai. Wannan bai dame ni ba, shi ma na san ba zai dame shi ba.

Nawa injin yana nan a zaure, tsohon fentinsa ya kwaile, ba suna a jikinsa. Tun da aka haɗa mini sola ban sa hannu a makunninsa ba. Bana ƙwan Inna Hari ne a ciki, ita ta kawo su da kanta a ƙwaryar nan ta bara. Ina cikin rubuta wannan na ji ya yi ƙas, faranti ya karkata.