Jika Talatin Saboda Jika Ɗaya

Mun tashi da asuba daga Tawa, ni da wata maƙwabciyata, kuɗin akuyata ƙulle a bakin zane. Arlit na nufa, wurin ɗana da ya rasa aiki tun da aka rufe ramin haƙar yuraniyam na Akokan. Kuɗin kuwa na idona ne, na hagu da ya fara hazo. Niyyata in tsaya Agadas a dawowa a duba mini shi.

Muka yi ta tafiya, muka yi ta tafiya. Hanyar da manyan motoci suka shekara suna kwasar arzikin ƙasa a kanta, kwalta ta ƙare, sai rami bayan rami. Mota ta jefa mu sama ta cafe, har goron bakina ya san haƙorin da ban da shi. Mun kwana Agadas, na ci cuku da dabino, na sha ruwan leda mai tsadar nono.

A Arlit ɗan kabu-kabu ya kai ni gida, na tarar da jikata, takwarata, ido ya kumbura da kuka. Ashe ƙwallon tebur take bugawa a wani tsohon tebur da ma'aikatan rami suka bari. An zaɓe ta gasa a Agadas, amma malaminsu ya ce kowa ya zo da abin bugunsa, raket suke ce masa, nata kuwa robar ta saɓule.

Na ce mu je kasuwa. Wani Bakano mai shago ya miƙo mini abin. Jama'a, katako ne bai kai faifai ba, da jar roba gefe guda, baƙa gefe guda!

"Nawa, yaro?"

"Jika talatin na sefa, Hajiya."

"Jikokina bakwai ne duka duniya. Ina zan samo maka talatin?"

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Wai daga Sin ya taso, ya hau ruwa, ya bi duwan masu karɓar harajin kaya, ya bi hanyar nan. Na ce ni ma na biyo ta, ba wanda ya ƙara mini daraja.

Na fice a fusace, na sa kafinta ya yanko katako, mai faci ya manna masa robar taya. Takwara ta gwada don kada ta kunyata ni. Ƙwallon nan mai kama da ƙwan zabo ya faɗo kai ya mutu, ko juyawa bai yi ba. Ta ce, "Kaka, bar shi, na haƙura." Maganar nan ta fi kukanta ƙona ni.

Washegari na koma na kwance bakin zane. Akuya sukutum ta tafi a kan abin da ke shiga aljihu.

A dawowa mun ratsa Agadas ban sauka ba. Abin da tafiyar nan ta koya mini: robar ta gaskiya ce, na gani da idona mai kyau. Amma garin da aka haƙe cikinsa aka haska biranen wasu, a ce ɗiyar mahaƙi ba ta iya sayen katakon wasa? Wannan har in mutu ban yafe ba.

Jiya Takwara ta bugo waya, ta ci mutum biyu, ta uku ta kada ta. Ta ce, "Kaka, ya idon?"

Na ce mata garau.