Jibirilla, Ka Bar Ni Da Hanyar Garin Lado

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Juma'a, sha biyu ga Safar, Allah ya karɓi ran ƙanena a zumunci, Jibirilla direba, a nan Riyad. Bayan la'asar muka sa shi a ƙasa. Ni Buraima ban iya rubutu ba. Wani ɗan'uwanmu, Laouali, ne ke rubuta mini wannan a waya, na kuma hana shi gyara mini magana.

Jibirilla, tun ranar ban zauna wuri ɗaya ba. In fita ƙofa, in dawo, in sake fita. Kai ne mai ɗaukata zuwa asibiti ba ka taɓa cewa ka gaji ba. Duk baƙon da ya sauka unguwarmu ta Gubaira daga Maraɗi, a ɗakinka yake cin tuwon farko.

Amma ba wannan ke hana ni sukuni ba. Shekarar da kafilinka, wato ubangidanka, ya tafi da kai Caina sayen kaya, kuka hau wani tsohon gari a cikin duwatsu, Lijiyan. Ka dawo ka ishe mu da labari: lungunan dutse, ruwa na gudu a ƙofar kowane gida, ƙanƙara a kan tsauni, numfashi na yi maka wuya. Ka ce mutanen wurin, ƙabilar da ake kira Nashi, tsofaffinsu da zane suke rubutu, tsuntsu a zana tsuntsu. Ka ce in mutum ya mutu, tsoho ke tsayawa ya kira sunayen garuruwan da kakanninsu suka biyo, ɗaya bayan ɗaya, don mamacin ya gane hanyar gida.

Na ce, "Musulmi ba ya ɓata hanya, bar mini wannan zance."

Ka yi dariya ka ce, "Tsoho, ai kai ma sana'arka ke nan, kullum kiran garuruwan gida kake yi, zanen ne kawai ba ka iya ba."

Har yau ina kan bakana. Kai ba ka bukatar jagora. Masu rai ne ke bukata. Ikamarka, takardar izinin zama, ta mutu tare da kai, an ce matarka Sahadatou da 'yarku Muhibba sai sun koma gida. Sahadatou ta zo tana ƙarama, komai ya shafe mata. Muhibba kuwa a nan aka haife ta. Wajen zaman makoki na tambaye ta garin ubanta. Ta ce, "Nijar, ya ammi," wato baffa da Larabci. Na ce ina a Nijar? Ta dubi uwarta, uwar ta dubi ƙasa.

Sai ga ni zaune ina kiran garuruwa kamar tsofaffin nan naka: Kano, Katsina, Jibiya, Ɗan Isa, Maraɗi, Cadawa, Agye, Gazawa, sannan a bar kwalta a bi yashi zuwa Garin Lado, a tambayi gidan da ke gindin gawo. Muhibba ta ce za ta duba a waya. Na ce waya ba ta san gawon ba, ki riƙe da ka. Tana faɗin sunayen da harshen Larabawa, ina mayar da ita baya. Jiya a Cadawa ta tsaya.

Allah ya jiƙanka, Jibirilla, ya yalwata kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina yi wa Sahadatou da Muhibba ta'aziyya, da danginka na Garin Lado da ba su ga gawarka ba, da duk 'yan Gubaira. Allah ya ba mu haƙuri. Ni kuma Allah ya ara mini kwana, yarinyar nan ta kai ƙofar gidanku da bakinta kafin jirgi ya tashi. Amin.