Rugar da Na Cire Daga Taswira

Aikina allurar dabbobi ne. A Kiru aka haife ni, amma tun da na kama aiki a Tudun Wada nake zaune. Yawancin kwanakina a kan babur suke ƙarewa, tsakanin rugagen Doguwa da gefen dajin Falgore, da akwatin ƙanƙara ɗaure a baya cike da maganin rigakafi. Hanyoyin can babu allo ko ɗaya. A shekarata ta farko na sha ɓata, har maganin ya yi ɗumi kafin in isa wurin shanun.

Wani abokina, malamin makaranta a Bebeji, shi ya nuna mini taswirar. Tare muka yi sakandare, kuma tun can shi mai son na'ura ne. Ya ce akwai wata taswirar duniya a intanet wadda ba ta kamfani ba ce, ba ta gwamnati ba ce. 'Yan sa-kai ne suke zana ta, kowa yana iya ƙara abin da ya sani, kowa kuma yana iya ɗauka kyauta. Ya buɗe yankinmu a wayarsa. Babban titi ne kawai da shuɗin ruwan Tiga, sauran wurin fari fat kamar babu ɗan Adam.

Ya ce, “Kai ne kake shiga nan kullum. Idan ba ka zana ba, wa zai zana?”

Ya koya mini yadda zan kunna wayar ta riƙa ɗaukar sawun babur ɗina, in na dawo in ɗora. Damina biyu ina wannan aiki. Na sa burtali, na sa mashaya, na sa rijiyoyi da kwalbatocin da suka karye, na sa rugage. Saboda ina son abokan aikina su amfana, a wasu wuraren har bayani nake ƙarawa: nan garken babba ne, nan sai bayan azahar ake samun mai gida. Duk sanda na buɗe na ga layukan da na ja, sai in ji daɗi har cikin raina.

Akwai wani ardo a gefen Falgore, dattijo, yana noman dawa ban da kiwo. Baffa nake ce masa. Wata safiya na je yi wa maruƙansa allura, muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ya saba, aka kawo mini kindirmo. Amma bai ce a fito da maruƙan ba. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a gindin ɗorawa, ya ce in zauna.

Ya ce, “Malam, shekaranjiya wani baƙo ya zo nan a kan babur. Ya ce shanu yake saye. Ban san shi ba, babu wanda ya san shi. Na tambaye shi wa ya kwatanta masa nan, sai ya ɗaga waya ya ce ita ta kawo shi. Ya nuna mini. An ce hannunka ne.”

Na ce, “Haka ne, Baffa. Ni na sa. Don a riƙa samunku da sauƙi idan cuta ta shigo.”

Ya ce, “Ba na cewa mutumin ɓarawo ne. Wataƙila mai saye ne da gaske. Amma ka sani, a da duk mai zuwa nan sai ya tsaya ya tambayi hanya a wurin mai shayi a bakin titi, ya sake tambaya a gonaki, ya sake tambaya a mashaya. Kafin ya iso, labarinsa ya riga shi: kalar rigarsa, su nawa ne, da wane harshe yake magana. Da wannan muke kwana da idonmu biyu a rufe. Yanzu mutum zai zo har bakin turke babu wanda ya ji muryarsa.”

A wannan watan an kore wa wata ruga shanu a wajen kiwo, can gaba da su. Babu wanda ya ce taswira ce ta jawo, ni ma ban ce ba. Amma kindirmon nan ban iya shanye shi ba.

Na ce, “Me kake so in yi, Baffa?”

Ya ce, “Yadda ka sa, ka cire.”

Na yi allurar, na fito bakin titi inda ake samun sabis, na tsaya a inuwa na goge rugar da bayanin da na rubuta. Na ɗauka magana ta ƙare. Kwana biyu bayan haka na duba, sai na ga ta dawo. Wani ɗan sa-kai daga wata ƙasa ya ga an goge abu mai kyau, ya zaci ɓarna ce, ya mayar, har ya bar mini saƙo cikin ladabi cewa ba a cire abin da yake akwai a ƙasa.

Sai na shiga babban dandalin da masu taswirar suke muhawara, na rubuta da ɗan Turancina na makaranta. Ashe a tsakiyar rigima na faɗa. A lokacin ana yaƙi a wata ƙasa mai nisa, 'yan sa-kai na can sun roƙi a daina sa wuraren da mutane suke fakewa. Wasu suna cewa taswira ba ta da ɓangare, idan aka fara ɓoyewa ba a san inda za a tsaya ba. Wasu suna cewa a kori duk 'yan ƙasar da ta kai harin. Wasu kuma suna so a tilasta wa kowa ya sa sunansa na gaskiya. Maganar rugata ta shiga ciki ta ɓace, sai mutum biyu ko uku da suka ja ta suka yi hujja da ita a kan abin da ya dame su.

Mutum ɗaya ce ta amsa mini ni kaina. Wata mata ce daga ƙasar da ake yaƙin. Ban san sunanta ba har yau, ban taɓa ganin fuskarta ba, laƙabi kawai take amfani da shi. Ta turo mini saƙo a keɓe. Abu na farko da ta ce shi ne in koma in cire alamar wurin da na liƙa a rubutuna na dandali, domin ina neman a ɓoye ruga ne alhali na nuna wa kowa inda take. Kunya ta kama ni, na je na cire. Sannan ta yi mini bayanin cewa gogewa ba ta isa ba, taswirar tana ajiye tarihin duk abin da aka taɓa sawa, mai nema zai gani. Akwai wani ƙaramin kwamiti da yake iya rufe tarihin idan akwai haɗari ga mutane, su zan rubuta wa. A ƙarshe ta ce in duba sawun da nake ɗorawa, in ga daga ina yake farawa.

Na duba. Kowane sawu daga ƙofar gidana yake tashi, da ranar, da lokacin. Sunan da na yi rajista da shi kuma sunana ne na yanka har da na mahaifina. Na nuna wa maiɗakina tana tsintar shinkafa. Ta ajiye faifan ta kalle ni.

Ta ce, “Wato duk wanda ya ga dama ya san ranakun da kake wuni a daji, ni da yara muna gida?”

A ranar na canza sunan, na cire sawun gaba ɗaya, na rubuta wa kwamitin.

Inda abin ya fi yi mini zafi shi ne a wurin mutanenmu na nan gida. Muna da ɗan zaure a waya na masu zana yankinmu. Zaɓe ya ƙarato, kowace magana sai ta koma siyasa, batun tsaro kuma yana bakin kowa. Da na faɗi abin da na yi, wani ya rubuta cewa wanda bai yi laifi ba me zai ɓoye, kuma ɓoye ruga a gefen daji taimakon ɓarayi ne. Wani ya ce an saye ni. Na karanta a wurin aiki. Na rubuta amsa mai zafi, na goge ta, na sake rubutawa. Abin da na tura a ƙarshe gajere ne: mutumin da ya roƙe ni shi ne wanda ake yi wa sata, kuma gidansa ne.

Abokina na Bebeji bai ce komai a zauren ba. Ya kira ni ya ce mu haɗu a Tiga ranar Asabar. Muka zauna a rumfar mai suyar kifi da hantsi, masunta suna fito da koma. Bai yi kwana-kwana ba.

Ya ce, “Ban yarda da zagin da aka yi maka ba. Amma ban yarda da kai ba ma. Ka san masu haƙa rijiyar burtsatse da masu rigakafin yara suna duba taswirar nan. Wanda ba ya ciki, ba a tunawa da shi. Shekara nawa makiyaya suna kukan an manta da su? Yanzu kai da hannunka za ka sake share su?”

Na ce, “Gaskiya ka faɗa. Amma ni da kai muna zaune a nan muna yanke wa mutum hukunci a kan ƙofar gidansa. Lokacin da na sa, ban tambaye shi ba. Idan na ƙi cirewa, ban ji maganarsa ba ke nan sau biyu.”

“To sauran rugagen fa? Duk za ka goge?”

“Zan je in tambaye su.”

Ya yi dariya ya ce ban san yawan abin da na ɗauko ba. Na ce hanyar ai ita nake bi kullum.

Haka na yi duk zagayen rigakafin wannan shekara. Kowane wuri na je, bayan an gama allura sai in fito da waya in nuna wa masu gida, in yi bayani da Hausa, inda ake bukata wani ya juya da Fulatanci. Amsoshin ba su zo iri ɗaya ba. Wani ƙauyen manoma a ƙasar Doguwa suka ce in sa komai, musamman gadarsu da ruwa ya cinye, ko wani zai gani. Wani ardo ya ce in bar burtali da mashaya su fito sosai, domin gonaki suna cin hanyar shanu kowace damina kuma yana son shaida, amma wurin kwanansu in cire. A wata rugar mai gida ya ce bai damu ba, sai matan da suke kai nono kasuwa suka aiko daga ciki cewa 'yar hanyar da suke yankewa ta cikin kurmi kada ta fito. Ni ban ma taɓa tunanin in tambaye su ba. Daga ranar nakan ce a tambayo cikin gida.

Kwamitin ya amsa bayan makonni. Sun rufe bayanan da na rubuta da tarihin rugagen da na lissafa musu, suka kuma sa alamar da za ta hana a mayar. Amma sun faɗa mini a fili cewa duk wanda ya riga ya sauke taswirar a na'urarsa, wannan ba su da iko da shi. Na yi wa matar nan ta ƙasar da ake yaƙi godiya. Ta amsa da layi biyu, ta ce suna lafiya, wuta ce ba sa samu sosai. Daga nan ban sake ji daga gare ta ba, sai dai nakan ga laƙabinta ya yi gyara lokaci zuwa lokaci, in ji sanyi.

Na koma wurin Baffa na gaya masa yadda ake ciki, har da abin da ba zai gogu ba. Na so in sassauta maganar, amma na ga bai dace ba. Ya saurara har ƙarshe.

Ya ce, “Ka yi abin da za ka iya. Bayan girbi dama za mu ɗan matsa. Sabon wurin, ka riƙe shi a kanka.”

Na ce, “In Allah ya yarda, Baffa.”

Ni da abokina muka zauna muka rubuta ƙa'ida da Hausa don zaurenmu. Ba a sa wurin kwanan mutane a daji sai da izininsu. Ba a rubuta yawan dukiyar kowa. Ba a tilasta wa kowa ya bayyana sunansa. Wasu suka fita daga zauren, suna cewa mun mai da taswira siyasa. Abokina har yanzu yana ganin na cika tsauri a kan rugage, kuma yakan faɗa mini duk sanda muka haɗu.

A watan jiya wani sabon ɗan sa-kai, ma'aikacin asibiti a Doguwa, ya zana rugage huɗu daga hoton tauraron ɗan Adam, bai taɓa taka wurin ba. Ban goge masa aiki ba, ban kuma yi masa magana a zaure ba. Na nemi lambarsa na kira shi, na ce ranar Talata zan bi ta can, idan yana da hali ya hau bayan babur. Ya zo da hularsa ta kwano. Muka zaga rugagen muka tambayi masu gida, uku suka ce a cire, ya cire da hannunsa a gabansu. Na huɗun ya ce a bar shi, kuma a ƙara rijiyarsu da ta rufta.