Ɗigo Uku a Ƙarƙashin Moter

Shekara goma sha biyu ina sayar da dambu kusa da rumfar Malam Abdou a hanyar Arlit, kuma na daɗe ina cewa Allah bai halicci mutumin nan da sauri ba. Ko gobara ta tashi, sai ya ninke tsummansa tukuna.

Asalinsa maƙerin azurfa ne a tsohon gari. Da baƙi masu sayen kayan ado suka ɗauke ƙafa daga Agadas, sai ya koma goge moter, wato injin moto. Ba ya gyara, wannan aikin makanisiye ne. Shi dai a kawo masa moter da ya yi baƙi ƙirin da mai da ƙasa. Zai jiƙa shi da gazuwal, man dizal ke nan, ya wanke da sabulu, ya bi farar furfurar nan da ke fitowa a jikin sanholo da takarda mai yashi, daga mai kaushi zuwa mai laushi, ya ƙare da toka da tsumma. Kanwa kuwa, kada ma ka ambace ta, ya ce baƙanta sanholo take yi. In ya gama, sai ka ga gajimare na wucewa a hankali a jikin ƙarfen. Ni kaina nakan shagala da ludayi a hannu ina kallon sama a gindin moto, har mai saye ya ce, "Altine, barci kike?"

Kowane maƙerin azurfa yana da shaidar da yake bugawa a bayan aikinsa. Ta Malam Abdou ɗigo uku ce. Bai yarda sanholo ya kai a buga masa ita ba, sai a ƙarƙashin moter guda: na ɗansa Illiya, ranar da zai tafi Djado neman zinariya. Wata biyar Illiya yana kira, daga nan shiru. Shekara huɗu ba mai cewa ga shi a raye, ba mai cewa ga kabarinsa. Uwarsa Ramata ta rame kamar kara.

Tun daga lokacin, duk moto da ta sauko daga arewa, Malam Abdou sai ya kwanta a ƙasa ya fara goge cikinta kafin ko'ina, yana neman ɗigon nan uku. Abin yana ba ni tausayi, yana kuma ba ni haushi. Na ce, "Haba Malam, moto nawa ne tsakanin nan da Djado?"

Ya ce, "Allura cikin ruwa, Altine, mai rabo ka ɗauka."

Wata Laraba da hantsi wani mai haƙar zinariya, Anas, ya turo wata moto ja, ta sha wuya. Malam Abdou ya kwanta kamar kullum. Sai na ji gugar ta tsaya. Ya daɗe a ƙasa har na ajiye ludayi.

"Altine, zo ki ara mini ido."

Na durƙusa. Ɗigo uku, ras! A gefensu kuma ga wasu uku, sababbi, sun karkata hagu. Illiya bahago ne, kowa a layin nan ya sani.

Malam Abdou ya ce, "Samari, ina ka samo ta?"

Anas ya ce, "A Tchibarakaten, Baba, kafin azumi. Wajen wani bahago mai goge moter a ƙarƙashin tanti. Da toka yake aiki, in ka ce kanwa sai faɗa. Ya ce shi ɗan Agadas ne, amma da wane ido zai koma gida hannu rabbana?"

Na ce, "Ji ɗan banza! Shekara huɗu muna kuka, ashe kunya ce!" Ina zagi, hawaye na zuba cikin zanena.

Malam Abdou ya ce, "Yaushe za ka koma?"

"Jibi, in Allah ya yarda."

Ya ɗauko ƙusa da ƴar gudumarsa ta ƙirar azurfa, ya sake kwanciya. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, dab da na Illiya.

"Ka kai masa ya goge maka. Ka ce ya fara daga ƙasa."

Sai ya miƙe, ya ce, "Ramata!" kamar tana jin sa, ya yar da tsumman a cikin ƙasa ko ninkewa bai yi ba, ya nufi tsohon gari da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa.