Man Zaitun a Haƙorin Tangaran

Ina aji biyu a sakandare na faɗi a bakin famfon makaranta, rabin haƙorina na gaba ya tafi. Daga ranar sai da hannu a baki nake magana. Bayan hutu Mama ta kai ni wurin wata likitar haƙori a Sabon Tasha, a saman wani shagon magani. Ta gyara guntun da ya rage, ta auna, ta ce mu dawo idan an ƙera murfin tangaran da za a rufa masa.

Da muka koma ta nuna mini shi, ɗan mitsitsi kamar ɓawon gyaɗa. Ta ɗiga asid a cikinsa, ta wanke, ta busar, cikin ya yi fari dishi-dishi kamar alli. Ta shafa wani ruwa mai wari, ta ajiye shi a faranti. Lokacin Mama tana bakin taga tana amsa waya.

"Kin gani, 'yan mata? Ya yi kaushi yanzu, gam zai kama," in ji likitar. "Ko yatsa ba a so ya taɓa. Maiƙo kaɗan ya shiga, wata rana a cikin tuwo za ki tsince shi."

Ta cusa mini auduga a ƙarƙashin leɓe, ta busar da guntun haƙorin. Ta ce kar in rufe baki, kar harshe ya je wurin, in na ji zafi in ɗaga hannu. Tana faɗar haka aka ɗauke wuta. Ta fita ta sa a tayar da janareta.

Na ji ƙarar zif ɗin jakar Mama. Ta fito da kwalbar man zaitun da fasto ya yi wa addu'a, wanda take shafa mana a goshi lokacin jarrabawa, har keken ɗinkinta take shafa wa. Ta ɗauki haƙorin tangaran daga farantin, ta shafa masa ciki da waje da ƙaramin yatsa, leɓenta na motsi. Na yi gurnani.

"Shiru. An ce kar ki motsa."

Ta mayar da shi daidai inda yake.

Wuta ta dawo, likitar ta sa sabuwar safar hannu, ta hau haɗa gam. Daga inda nake kwance ina hango cikin haƙorin yana ƙyalli. Yawu ya taru mini a maƙogwaro. Ban taɓa kunyata Mama a gaban baƙo ba, kuma tana tsaye a gefena, hannunta a kan ƙafata. Likitar ta miƙa hantsaki. Na ɗaga hannu.

"Zafi?"

Na girgiza kai, na nuna farantin. Ta ɗaga haƙorin a ƙarƙashin fitila, ta juya shi, ta sunsuna, ta dubi Mama.

"Mama, man mene ne wannan?"

Hannun Mama ya bar ƙafata. "Na addu'a ne, Likita. Ba na girki ba."

"Ai gam bai san bambancin ba, Mama."

Ba wanda ya yi dariya. Likitar ta jefa shi a ɗan kofin sifirit, ta sa a wani inji mai tsuwa, ta ce in bai wanku ba sai dai a ƙera wani. Ta canza mini auduga. Muƙamuƙina na ciwo, idona na kan kofin. Da ta ciro shi ta busar, ta daɗe tana dubawa. Allin ya dawo. Ta sake shafa ruwan nan, ta cika shi da gam, ta danna a bakina, ta haska shuɗiyar fitila har na ji ɗumi a dasashi.

A cikin keken haya a hanyar gida, da muka wuce unguwar Television, Mama ta juyo wajena.

"Buɗe in gani."

Na buɗe. Ta kama haɓata, ta duba ta dama, ta duba ta hagu, ta saki. Ta mayar da ido kan titi.

"Kar ki gaya wa babanki."